Ƙullutun da ba ya ciwo

Duk wanda ya taɓa raka mace likita a nan Damagaram kan matsalar nono ya san yadda hirar take tafiya. Ma'aikaciya za ta duba, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Hajiya, tun yaushe kika fara jin wannan abu?" Sai mara lafiya ta shiga lissafi da azumi da damina: tun kafin azumin bara, ko tun lokacin girbin gero. "To me ya hana ki zuwa tun sannan?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Ai ba ya yi mini ciwo."

Na ji wannan amsa da kunnena daga bakin ƙanwar mahaifiyata, wadda ta goya ni, nake kiranta Inna. Ta fara jin abin kamar ƙwayar gyaɗa a gefen nononta na hagu, wajen hammata, tana cikin yayen autanta. Ta ce nono ne ya kwanta. Ranar da muka kai ta likita an fi shekara, abin ya wuce ƙwan agwagwa, fata ta fashe tana ruwa, hannun hagun ya kumbura. Ba ta ƙara ganin azumi biyu ba. Allah ya jiƙanta. Tun daga nan nake bin wannan cuta ta dajin nono da tambaya da karatu, kuma abin da na gane shi ne, abin da ke raba wadda za ta tashi da wadda ba za ta tashi ba yawanci yana faruwa ne a watannin nan da ƙullutu yake zaune shiru bai dami kowa ba.

Mu fara da abin da cutar take, don sunayenta sun fi saninta yawa a bakinmu. Wasu su ce daji, wasu sankara, ƴan boko su ce kansa. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace tana da ƙa'ida: ta rabu gida biyu idan jiki na bukata, ta tsaya idan an ƙoshi, ta mutu idan ta tsufa. Wani lokaci sai umarnin da ke rubuce a cikin ƙwaya ɗaya ya samu tangarɗa, ta daina jin tsawa, ta yi ta rabuwa ba tsayawa, ƴaƴanta ma su gaji halinta. A cikin nono akwai ƴan jakunkuna da ke haɗa ruwan nono, da siraran hanyoyi da ke kai shi zuwa kan nono, kuma a bangon waɗannan hanyoyi ne cutar ta fi farawa. Kafin yatsa ya iya jin ƙullutu mai faɗin santimita ɗaya, ƙwayoyin da ke ciki sun kusa miliyan dubu, kuma sau da yawa sun yi shekaru suna taruwa. Wato abin da mace ta ji yau ta ce "sabo ne", tsoho ne.

Dalilin rashin ciwon kuwa, ƙullutun yana girma ne a hankali cikin nama mai laushi da kitse, bai danne jijiya ba, bai tara mugunya ba, bai kawo zazzaɓi ba. Mu kuma tun muna yara an koya mana auna cuta da zafinta. Ƙurji mai zogi da ke hana barci, shi ake gudu da shi wajen magani, alhali sau da yawa shi ne mai sauƙi. Wannan mai tauri kamar tsakuwa, wanda bakinsa ba sumul ba, wanda idan an tura shi ba ya gudu ƙarƙashin yatsa, shi ake bari. Ciwo yakan zo daga baya, lokacin da abin ya ci fata ko ya kama ƙirji ko ya isa ƙashi.

Tafiyarsa tana da hanya sananniya. Zangon farko shi ne kaluluwar hammata, irin wadda ke fitowa idan mutum ya ji rauni a yatsa. Ruwan da ke wanke naman nono can yake bi, saboda haka ƙwayoyin da suka ɓalle can suke fara sauka. Daga nan, ko ta hanyar jini, sai ƙashi, huhu, hanta, wani lokaci ƙwaƙwalwa. Da wannan tafiya likitoci ke auna matakin cutar. Mataki na 1, ƙullutun bai wuce santimita 2 ba kuma bai bar nono ba. Na 2, ya ɗan ƙara girma ko ya taɓa kaluluwa kaɗan. Na 3, ya yi girma sosai, ko ya kama fata ko ƙirji, ko kaluluwa da yawa. Na 4, ya yi nisa zuwa wasu gaɓoɓi. A mataki na 1 da na 2 mafi yawan mata suna warkewa idan an yi magani cikakke. A na 3 har yanzu ana neman warkewa, amma aikin ya ninka. A na 4 magani yana rage wahala, yana ƙara kwana, sai dai ba kasafai yake kawar da cutar ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kusan miliyan 2.3 a duniya, kuma ta kashe kimanin 670,000. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin ƙasa da ƙasa. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka gano da ita, fiye da 90 suna raye bayan shekara biyar. A Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu 40. Cuta ɗaya, jiki iri ɗaya. A Turai ma cutar ta fi yawa fiye da nan, amma a nan ta fi kisa, don a can tana zuwa hannun likita tana ƙarama, a nan kuma sai ta ƙosa. A Nijar, rajistar masu ciwon daji da ake riƙewa a Yamai tun 1992 ta daɗe tana nuna cewa dajin nono shi ne kan gaba a cikin mata, na bakin mahaifa yana biye da shi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da rayuwarmu, wanda nake ganin ba a tsaya kansa yadda ya kamata a faɗakarwar rediyo. Macen Damagaram ko ta Magarya ko ta Matamaye, daga aurenta har al'adarta ta ɗauke, da wuya a sami shekara biyu a jere da ba ta da ciki ko goyo. Mace a Nijar takan haifi ƴaƴa shida ko bakwai, kowane kuma ya sha nono wajen shekara biyu. Wannan yana da alheri na gaske: haihuwa da wuri da shayarwa mai tsawo suna rage haɗarin cutar, an ƙiyasta kowane wata 12 na shayarwa yana rage shi da kusan kashi 4 cikin 100. Yana cikin dalilan da suka sa cutar ba ta kai yawan ta Turai ba a nan. Amma kuma nonon da kullum yake cikin cika da raguwa, yau ya yi tauri, gobe ya saki, jibi ya yi ƙurji, wuri ne mai sauƙin ɓuya. Kowane ƙullutu yana da uzurin da za a ba shi. Nono ya kwanta. Yaro ya yi gyatsa a kai. Yaye ne. Sau da yawa kuma gaskiya ne, shi ya sa uzurin yake da ƙarfi, don a cikin ƙullutu goma da ake kai wa likita, takwas ko tara ba daji ba ne.

To yaya za a rarrabe? Nonon da ya kwanta yakan saki idan yaro ya tsotse ko an gasa da ruwan ɗumi an tatse, cikin ƴan kwanaki. Ƙurjin shayarwa yana zuwa da zafi da ja da zazzaɓi, kuma idan an sha maganin ƙwayoyin cuta da ya dace yakan lafa cikin mako. Ƙullutun da ya wuce mako biyu yana nan daram, yaro ya sha bai ragu ba, al'ada ta zo ta wuce bai motsa ba, wannan na likita ne, ko ana goyo ko ana da ciki. Haka ma nonon da ya yi ja ya kumbura aka sha magani mako ɗaya ko biyu bai sauka ba, don akwai wani nau'in daji mai saurin tafiya da ke zuwa da kamannin ƙurji ba tare da ƙullutu ba. Sauran alamun da ba a wasa da su: kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko ruwa-ruwa yana fita daga kan nono guda ba tare da an matsa ba, fata ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu ko ta lotsa a wuri ɗaya, kan nono ya yi ta saɓa kamar ƙyasbi ya ƙi warkewa, ko kaluluwa mai tauri a hammata ba tare da rauni a hannu ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Mace ba ta bukatar karatu kafin ta san nononta. Sau ɗaya a wata, ƴan kwanaki bayan ta yi wankan tsarki, lokacin da nono ya saki, ta ɗaga hannu ɗaya bisa kai, ta bi nonon da tafin yatsu uku na ɗaya hannun, a shimfiɗe ba da tsini ba, tun daga ƙashin wuya har ƙasan nono har cikin hammata. Wajen hammatar nan ya fi bukatar kulawa, don a nan cutar ta fi fitowa. Mai shayarwa ta yi bayan yaro ya ƙoshi. Wadda al'adarta ta ɗauke ta zaɓi rana, ko ganin sabon wata ne. Abin da ake nema shi ne abin da babu shi a watan jiya.

Tambayar da kowa ke yi idan an faɗi sunan cutar ita ce, me ya jawo? A nan ne zargi yake shigowa, kuma na ga gidan da ya watse saboda shi. A ce kishiya ce ta yi jifa, a ce maita, a ce iska. Ƴan zamani kuma su ce saka kuɗi ko waya a rigar nono ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tabbatar yana kawo ta. Ba a ɗaukarta a kwano ko tabarma ko zane, kuma yaro ba ya tsotsarta a nono. Abin da aka sani shi ne, babban haɗari zama mace ne da ƙaruwar shekaru, kuma kusan rabin matan da ke kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su ban da waɗannan biyun. Maza ma suna kamuwa, amma ba su wuce ɗaya cikin 100 na masu cutar ba. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari yawanci suna komawa ga tsawon lokacin da nono ya yi yana shan sinadarin mata da ake kira istirojin: fara al'ada da wuri, ɗaukewarta a makare, rashin haihuwa ko haihuwar fari bayan shekara 30. Sai giya da taba da rashin motsa jiki. Sai ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, don a lokacin kitse ne ke haɗa wannan sinadari, abin da ya kamata mu yi tunani a kai tunda har yanzu muna ɗaukar ƙibar uwargida alamar jin daɗi, har ana shan magunguna don a same ta. Ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ɗan ƙara haɗarin kaɗan lokacin da ake shan su, ya kuma koma daidai bayan an daina da wasu shekaru, kuma wannan ɗan ƙari bai kai haɗarin haihuwar kunika ba.

Gado yana da nasa kaso, kamar 5 zuwa 10 cikin 100. An gano wasu ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 a 1994 da BRCA2 a 1995, waɗanda idan sun zo da tangarɗa suke ɗaga haɗarin dajin nono da na ƙwan mace ƙwarai. Suna bi ta wajen uwa, suna kuma bi ta wajen uba, saboda haka idan likita ya tambayi tarihin gida, a tuna da goggo kamar yadda ake tuna inna. Gidan da aka yi mata biyu ko uku da wannan cuta, musamman suna ƙasa da shekara 50, ƴaƴansu mata su fara zuwa a duba su da wuri. Kuma kada a ce ta tsofaffi ce. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffinmu kaɗan ne, don haka da yawa daga cikin masu zuwa likita da ita mata ne ƴan shekara talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, masu yara ƙanana a gida.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace riƙe mata a gida: wai daji ba ya son ƙarfe. In allura ko wuƙa ta taɓa shi, sai ya fusata ya watsu. Ban ɗauki masu wannan magana marasa hankali ba, don abin da idonsu ya gani suke faɗa. Sun ga an kai wance likita, an yi mata aiki, bayan wata shida an yi jana'izarta. Sun ga haka sau biyu, sau uku. Abin da ba su gani ba shi ne, ranar da aka kai ta cutar ta riga ta sauka a huhu ko hanta, wuƙa kuma nono kawai ta iya kaiwa. Daga nan sai abin ya zama zobe: tsoron aiki ya sa a makara, makara ta sa aiki bai hana mutuwa ba, mutuwar ta ƙara wa na baya tsoro. Matan da aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba a ganinsu, don ba sa faɗa. Suna nan a Birni da Zango da Garin Malam, suna zuwa biki da suna, hijabi ya rufe. Unguwa tana ƙirga gawa, ba ta ƙirga waɗannan.

A watannin tsoron nan ne ake zagaye. A je wajen mai magani ya ba da na shafawa, wani mai ci kamar wuta, ya ƙone fata ya buɗe gyambon da da babu shi. A je wajen wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. A sayi jiƙe-jiƙe a kasuwa, a sayi na masu talla a rediyo da WhatsApp. Akuya ta tafi, tunkiya ta tafi, kuɗin adashi ya tafi, ranar da za a doshi likita hannu ya riga ya bushe. Game da addu'a da rubutu da tofi, ba ni da abin cewa sai alheri, Inna ta samu natsuwa da su har ranarta ta ƙarshe. Amma hadisi ingantacce ne cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma malamin kirki zai yi addu'a ya ce a tafi likita. Malamanmu da ke wa'azi a masallatai da makarantun matan aure suna da bakin da ya fi na kowane ma'aikacin lafiya isa cikin gidaje, da za su riƙa faɗin wannan.

Idan an je, me ake yi? Matakin farko hannu ne: ungozomar likita ko ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa ya duba nono biyu da hammata. Idan ya ji abin da bai gamsu ba, sai ya tura gaba, a nan birni zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder ko cibiyar kula da uwa da yaro. Sai hoto. Eko, irin wanda ake yi wa masu ciki, yana rarrabe ƙullutu mai ruwa da mai tauri, kuma shi ya fi dacewa da ƴan mata da masu goyo, don nononsu a cike yake. Mamografi hoto ne da ake matse nono tsakanin faranti biyu, yana iya ganin abin da hannu bai kai ga ji ba, ya fi amfani daga shekara 40 zuwa sama. Amma hoto zato yake bayarwa. Tabbaci sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai ɗakin bincike an duba shi a madubin likita. Wannan shi ne biyopsi, kuma ba ya watsa cuta. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe abu ɗaya: duk ƙullutun da aka cire daga nono, a ko'ina aka cire shi, ko da mai aikin ya ce ba komai ba ne, a nace a kai shi bincike, a kuma koma a karɓi takardar sakamako. Mata da yawa an cire musu, an jefar, sun koma gida da murna, bayan shekara abin ya dawo ba wanda ya san ko mene ne.

Binciken naman yana da wani amfani, don dajin nono iri-iri ne. Akwai wanda sinadarin mata ke ciyar da shi, shi ne ya fi yawa, kuma yana jin wata ƙwaya mai suna tamoksifen da ake sha ɗaya a rana shekara 5 zuwa 10, mai araha idan an gwada da sauran. Akwai mai alamar da ake kira HER2, kamar 15 zuwa 20 cikin 100, mai saurin girma, wanda aka samar wa magani na musamman, tarastuzumab, tun 1998, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ba ya jin waɗancan magunguna sai shimiyo, wato ruwan magani da ake ƙarawa ta jijiya, kuma an lura ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa jinkirin wata shida a nan ya fi tsada.

Maganin kansa yawanci haɗi ne. Aiki, a cire nono duka da kaluluwar hammata, ko idan ƙullutun ƙarami ne a cire shi kaɗai da ɗan naman kewaye a bar nono, da sharaɗin za a bi da gashin wurin da hasken na'ura. Shimiyo, ruwan magani da ake ƙarawa ta jijiya, galibi duk bayan mako uku, sau shida zuwa takwas, don ya bi jini ya kashe ƙwayoyin da suka ɓalle. Yana kawo amai da kasala, yana zubar da gashin kai, kuma gashin yana dawowa bayan an gama. Ba a shayarwa lokacin da ake yin sa. Mai ciki ma ana iya yi mata aiki, ana kuma iya ba ta wasu nau'o'in shimiyo bayan wata uku na farko, saboda haka ciki ba hujjar jira ba ne. Sai gashi da na'ura, wanda ake haska wurin ƴan mintoci kowace rana, kwana biyar a mako, na tsawon mako uku zuwa biyar. A nan akwai wani tarko da ya ci mutane da yawa. Idan ƙullutu babba ne, akan fara da shimiyo kafin aiki don ya ragu. Bayan zagaye biyu ko uku sai ya narke har hannu ya daina jinsa, jiki kuma ya gaji, aljihu ya gaji, sai a ce alhamdu lillahi an warke, a koma ƙauye. Bai tafi ba. Idan ya dawo yakan dawo da taurin kai fiye da na farko.

Ba zan yi kamar ban san nauyin abin da nake cewa a yi ba. Jihar Zinder ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, sama da mutum miliyan uku da rabi, amma na'urar gashi tana Yamai, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, inda aka buɗe sashen a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita ƙasar waje. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota, ga mai rauni a ƙirji. Wadda ta fito daga Tanut ko Gure ta ƙara nata a kai. Sai masauki na makonni a garin da ba ta da kowa, sai abincin mai jinya, sai yaran da aka bari. Wasu kan bi ta Kano, tunda ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma can komai da kuɗi ne. Tun 2007 gwamnati ta sa dajin mata cikin cututtukan da ake yi wa magani kyauta a asibitocinta, kuma ya kamata kowane gida ya san da wannan ya tambaya, ko da yake dokar ba ta biyan kuɗin mota, kuma idan magani ya yanke sai an nema a kanti. Shirin yaƙi da dajin nono da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko, kuma kashi 80 su kai ƙarshen magani. Na tsakiyar nan aikin hukuma ne. Mace ta cika nata ta zo da wuri, bai kamata ta shafe wata huɗu tana jiran sakamakon ɗan nama ba. Tunda jami'ar André Salifou tana horar da likitoci a garin nan, abin da ya dace mu riƙa nema da babbar murya shi ne a ƙarfafa binciken nama da ba da shimiyo a nan gida, tafiya Yamai ta zama ta gashi kaɗai.

Sai maigida. A yawancin gidajenmu mace ba ta fita sai da izininsa, ba ta da kuɗin eko sai daga aljihunsa, kuma kafin ta ji tsoron mutuwa ta riga ta ji tsoron ranar da zai gan ta da nono ɗaya, da abin da kishiya za ta ji, da abin da dangin miji za su ce. Inna ta ɓoye wa mijinta wata takwas, mutumin kirki ne kuwa, da ya ji kuka ya yi. Sau da yawa ma miji ne ke fara jin ƙullutun. Kalma ɗaya daga bakinsa, "Shirya gobe mu je a duba, ko me aka ce ina tare da ke," tana iya rage rabin shekara daga jinkirin. Idan kunyar likita namiji ce, a nemi mace, akwai su, in kuma babu, larura ce, addini ya san da ita.

Wadda tata ta riga ta yi nisa ma ba a gama da ita ba. Akwai maganin ciwo mai ƙarfi har da morfin, akwai yadda ake wanke gyambo a rage wari, gashi yana kwantar da ciwon ƙashi, tamoksifen yana riƙe wasu shekaru. Kada a mayar da ita ɗakin baya a riƙa miƙa mata abinci daga bakin ƙofa.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da aka cire wa nono shekara shida da suka wuce. Tana sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta aurar da ƴa, tana cusa ɗan tsumma mai laushi a rigar nono, kuma in ban da mijinta da mu ƙalilan ba wanda ya sani. Kwanakin baya aka ce wa wata ƙanwata a yi mata biyopsi, ta ƙi, ta kwana biyu tana kuka tana cewa ƙarfe. Na rasa yadda zan yi, na je na roƙi matar nan. Ta yi jim, ta ce in turo ta. Da ƙanwata ta je, ta ja ta cikin ɗaki ta saki labule, ta ɗaga riga ta kama hannunta ta ɗora a kan tabon, ta ce, "Taɓa ki ji, ƴata. Ƙarfen ne nan." Ranar Litinin muka je aka ɗebi naman, yanzu muna jiran takarda.